Ina Jami'an Kula da Yara Suka Shiga?

Wata mai sauraronmu daga Rigachikun ta tambaya: me ya sa jami'an walwalar yara suka yi ƙaranci?

To Malama, doka dai akwai ta, Kaduna ta kafa dokar kare yara a 2018. Masu aikin ne ba su isa ba. Ki tuna Satumban 2019, da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300, har da yara, a Rigasa, cikin ƙaramar hukumarku ta Igabi. Kowane yaro sai an nemo danginsa, a riƙa bibiyarsa. Aikin akwai cin rai, albashin kuwa bai taka kara ya karya ba, sai ƙwararru su koma ƙungiyoyin agaji. A ganina, a fara ba na hannu kuɗin mota da ƙarin girma, sannan a ɗebi sababbi.