Na'ura da Yaran Shago: Amsa ga Mai Sauraronmu na Head Bridge

Wani ɗan kasuwa daga Head Bridge a Onitsha yana tambaya: shin na'ura tana gyara aikin ma'aikata?

To Alhaji, tana toshe ɓaraka. A 2016, da Gwamnatin Tarayya ta tantance masu karɓar albashi da lambar BVN, an cire ma'aikatan bogi sama da 23,000. Haka a rumfarka: tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ciniki ya karkata ga POS da tiransifa, alat na shigowa wayarka ko kana Kano. Amma fa alat ba ya tona asirin yaron da ya ba kwastoma lambar asusunsa maimakon taka. Ka riƙa ƙirga kaya duk mako, kana gwadawa da abin da ya shigo.