Yadda ake rajistar kamfani a Singafo

Masu tallar "buɗe kamfani cikin kwana ɗaya" a Singafo ba ƙarya suke yi ba, rabin zancen suke faɗa. Rajistar kanta tana da sauri kuma ba ta da tsada. Wahalar tana wani wurin.

Komai yana bi ta hannun ACRA, hukumar rajistar kamfanoni, a shafinta na Bizfile. Da farko a nemi suna, a biya dalar Singafo 15. Idan an amince, ana riƙe wa mutum shi kwana 120. A guji sa kalmomi irin su banki, lauya ko makaranta a cikin sunan, domin sai an tura shi wata hukuma ta duba, makonni su tafi a banza. Kuɗin rajistar dala 300 ne, jari kuwa ko dala 1 ta isa. Ana buƙatar adireshi na gaske a cikin ƙasar, akwatin gidan waya ba ya shiga.

Ɗan ƙasa da ke da Singpass, wato shaidar shiga shafukan gwamnati, zai iya cike komai da kansa. Baƙo dole ya bi ta wakili mai rajista da ACRA.

Baƙo zai iya mallakar kamfanin gaba ɗaya, amma doka ta ce lallai a samu aƙalla darakta ɗaya mazaunin Singafo, misali ɗan ƙasa, ko mai izinin zama na dindindin, ko mai takardar izinin 'yan kasuwa ta EntrePass. A nan ne mutane suke yin sakaci. Wanda ba shi da kowa a can sai ya ɗauki daraktan haya daga wakilinsa, yana biya duk shekara, sau da yawa har da kuɗin ajiya. Masu cewa wannan darakta suna ne kawai a takarda suna cutar mutane. A idon doka cikakken darakta ne. Idan kamfani ya yi laifi ko ya ƙi miƙa rahoton shekara, shi ma za a tuhuma. Shi ya sa nagari cikinsu ke yawan tambaya, yana neman ganin lissafi, kuma hakan alheri ne. Wanda ya yarda ya sa hannu bai tambayi komai ba, a bar shi. Kafin a biya ko sisi, a rubuta yarjejeniya: me zai iya sa wa hannu, me ba zai taɓa ba, kuma yaya za a rabu idan mai kamfani ya samu izinin zama.

Cikin wata 6 da yin rajista a naɗa sakataren kamfani. Idan darakta ɗaya ne tak, ba zai haɗa muƙaman biyu ba.

Sai banki. DBS, OCBC da UOB suna tone asalin kuɗi sosai, wani lokaci sai sun ga mutum ido da ido, don haka a tanadi rasit da kwangiloli na cinikin baya. Harajin kamfani kashi 17 ne, rajistar harajin kaya da hidima (GST) mai kashi 9 kuwa tana wajaba idan ciniki ya haura dala miliyan 1 a shekara.

Takardar rajista ba biza ba ce. Mai son ya zauna ya gudanar da kamfaninsa da kansa sai ya nemi izini daban daga ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar.