Kafin ka sayi laftof ta hannu

Ɗan'uwa, ko kai ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko mai shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, dakata kaɗan. Tsofaffin laftof da yawa Windows 10 ke kansu, alhali Microsoft ta janye masa tallafi tun 14 ga Oktoba, 2025.

Kafin ka zaro kuɗi, sa mai sayarwa ya kunna laftof ɗin a gabanka, ka tabbatar za ta ɗauki Windows 11. In ta gaza, a ɗora mata Linux Mint. Kyauta ne, ba shi da nauyi, ya wadatar wajen rubutu da shiga intanet. Amma in da CorelDRAW kake cin abinci, kada ka bar Windows.

Don Allah, in akwai takardunka a kanta, kwafe su a filas kafin a taɓa komai.