Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Zanen Yatsa Zai Fito Sarai

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya ce an maido masa da takardarsa don zanen yatsunsa bai fito ba, yana neman dabara.

To malam, yawanci tawada ce ke yin yawa, sai layukan su haɗe. A shafa ta 'yar kaɗan. Ka wanke hannu da sabulu, ya bushe sarai. Sannan ka saki hannunka, jami'in da ke ɗaukar zanen ya mirgina yatsan daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sau ɗaya tak, ba dannawa, ba komawa baya. Babban yatsa ana mirgina shi zuwa ga jikinka, sauran kuwa zuwa waje.

Manoma da magina masu kaushin hannu, ku riƙa shafa man kaɗanya kwanaki kafin ranar, amma ku wanke shi kafin a ɗauka.