Shawara ga Mai Son Ziyartar Alamomin Magabata daga Kasalgu

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa zama a Kasalgu, ko ya sauka baƙunta a Tamale, ya kamata ya keɓe 'yan kwanaki domin ziyartar abin da magabata suka bari, gama gani ya kori ji.

Shawarata ita ce ya fara da Salaga, wadda fataken Kano da Katsina suka daɗe suna nufa da jakuna saboda goron Gwanja, har yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa kasuwarta. A can zai tarar da rijiyoyi birjik da filin da aka yi cinikin bayi, kuma a garin ne Alhaji Umaru, shehin malamin nan haifaffen Kano, ya zauna kafin ya ƙaura Karaci. In ya isa, ladabi ya wajabta masa gai da masu gari tukuna, sa'an nan ya nemi ɗan rakiya, ya kuma tanadi ɗan hasafin da zai ba shi.

Daga nan sai Larabanga, kusa da gandun dajin Mole, inda farin masallacin ƙasa yake tsaye, itatuwa na leƙowa daga bangonsa, ga tsohuwar kuka a gefensa. Riwayar mutanen garin ta ce tun 1421 aka gina shi, Allahu a'alamu. Kabarin mayaƙin nan Babatu Bazabarme kuwa yana Yendi, ga mai sauran guzuri.

A yi tafiyar da rani, a fita da sassafe, a riƙe ruwan sha.