Shugaba Ya Fara Da Kansa

Da aka naɗa ni shugaban ɗakin kwananmu, na zaci shugabanci shi ne rubuta sunayen masu laifi. Wata rana na sa wani ɗan aji ɗaya yankan ciyawa don ya makara zuwa taron safe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai tare muka shigo." Kunya ta kama ni. Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Daga ranar na koyi darasi biyu. Na farko, mutum ya san aibinsa. Nawa shi ne nauyin barci da saurin fushi. Na biyu, ya hori kansa kafin ya hori wani. Da na riƙa tashi kafin ƙararrawa, makara ta ragu a ɗakinmu ba tare da tsawa ba.

Dubi Malam Aminu Kano. Ya bar koyarwa a 1950 ya shiga siyasa, har ya rasu a 1983 bai tara dukiya ba. Talakawa sun bi shi domin aikinsa bai saɓa wa maganarsa ba.

'Yan'uwana ɗalibai, wanda ya kasa mulkin zuciyarsa, yaya zai mulki jama'a?