Darasi na 12: Sa Batir a Mota

Jama'a, ga mota an loda mata albasa a Jiga Makera, za ta kasuwar Jega da asuba. An murɗa makulli, ta ƙi tashi. Batir ya mutu, bakanike kuwa yana can Aliero ko Maiyama. To, mu ma muna iya sa sabo a gida, in mun bi ƙa'ida.

Batirin ƙaramar mota yana da ƙarfin bolt 12. A cikinsa akwai ruwa mai cin fata da tufafi. Yana kuma fid da wata iska wadda ba a gani, amma tartsatsi ɗaya ya isa ya kama ta, batir ya fashe a fuskar mutum. Saboda haka aikinmu duka shi ne hana tartsatsi.

Da farko mu kashe mota, mu zare makulli. Mu cire zobe da agogo. Kada mu sha taba, kada mu haska da ashana ko fitilar kananzir. Yara su ja da baya.

Batir yana da kai biyu. Mai alamar + ya fi kauri, wayarsa galibi ja ce. Mai alamar − wayarsa baƙa ce, tana haɗe da ƙarfen jikin mota.

Wajen cire tsoho, mu fara kwance baƙar waya, sa'an nan ja. Wajen sa sabo, mu fara ɗaura ja, sa'an nan baƙa. Don me? In baƙa tana ɗaure, muka sa sifana a kan ja, sifana ta taɓa jikin mota, sai wuta ta tashi. In baƙa tana kwance, wuta ba ta da hanya.

Mu ɗauki batir a tsaye, kada ya karkata. Mu ɗaure shi tam a mazauninsa. Kada mu ajiye sifana a bisansa.

In ruwan batir ya shiga ido, mu yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, mu tafi asibiti nan da nan.

Tsohon batir kuwa akwai dalma a ciki, guba ce ga yara. Kada mu fasa shi a gida. Mu mayar wa mai sayarwa.

Tambayoyi
1. Wace waya muke fara kwancewa?
2. Wace waya muke fara ɗaurawa?
3. Don me ba mu haska batir da ashana?